Andrea Pirlo: Milan ce ta yi wauta, ko Juventus ce ta yi sa'a?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Daren jiya bayan an tashi daga gidan kallo a unguwarmu, gardama ta kaure tsakanina da wani yayana a kan Andrea Pirlo, har mai shayi ya fara tattara kofunansa ba mu gama ba. Shi dai yayan nawa ya dage cewa AC Milan ta tafka babban kuskure da ta bar Pirlo ya tafi Juventus a 2011 ba tare da an biya ko sisi ba, ni kuwa ina ganin mutumin da ya kai shekara 32, wanda rauni ya hana shi buga rabin wasannin kakar, babu laifi idan an sallame shi. Amma gaskiya ni yaro ne a zamanin da yake Milan, a Juventus na fara ganinsa sosai. Ina roƙon waɗanda suka riga mu fara kallo su warware mana: a ina ya fi yin ƙwallo, kuma me ya sa Inter, wadda ta fara sayensa, ba ta ci moriyarsa ba?

Malamin Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne bakin zaren yake. Pirlo ɗan yankin Brescia ne, an haife shi a 1979, kuma ya fara buga wa Brescia gasar Serie A a watan Mayun 1995, yana ɗan shekara 16. A lokacin lamba goma yake bugawa, wato bayan 'yan gaba. Da Inter ta saye shi a 1998, sai ya tarar da gidan a cike: ga Ronaldo, ga Roberto Baggio, ga Djorkaeff, ga Recoba, kowa kuma wurin nan ɗaya yake nema ko kusa da shi. A ƙungiyar nan ya iske namu Taribo West da Kanu. Ƙari a kan haka, masu horarwa huɗu ne suka riƙe Inter a wannan kaka ɗaya, to wa zai tsaya ya raini yaro a irin wannan hargitsi? Sai aka tura shi aro Reggina, daga baya kuma a farkon 2001 aka mayar da shi gida Brescia, nan ma aro.

A Brescia ya sake cin karo da Baggio, kuma babu kocin da zai ajiye Baggio saboda yaro. Sai kocin Brescia, dattijon nan Carlo Mazzone, ya jawo Pirlo baya, ya ajiye shi a gaban 'yan baya, ya ce daga nan zai riƙa rarraba ƙwallo. Duk wanda yake son ya gane abin da nake nufi, ya nemi ƙwallon da Baggio ya ci Juventus a watan Afrilun 2001: daga wajen tsakiyar fili Pirlo ya ɗaga ta, Baggio ya tare ta da taɓi ɗaya da ya wuce da ita gefen mai tsaron gida Van der Sar, ya jefa a raga. A ganina ranar aka haifi Pirlon da duniya ta sani. Milan ta saye shi a bazarar shekarar, kuma da Carlo Ancelotti ya karɓi ƙungiyar ya tabbatar da shi a wannan wuri, Gattuso yana yi masa aikin ƙarfi, Seedorf da Rui Costa, daga baya Kaka, suna gabansa. Saboda haka Inter lamba goma ta sayar, Milan kuma wani ɗan wasa dabam ta samu.

Na Sabon Gari ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni magoyin bayan Milan ne tun ana kallo a talabijin mai ƙaton baya, kuma ina tare da ƙaninmu a rabin maganarsa. Shekara goma Pirlo ya yi mana, ya buga wasa 401, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai sau 2, a 2003 da 2007, da Serie A sau 2, a 2004 da 2011. A wasan ƙarshe na 2007 a Athens, bugun tazararsa ne ya taɓa jikin Inzaghi ya shiga ragar Liverpool, abin da ya ɗan sanyaya mana zuciya bayan abin kunyar Istanbul a 2005, inda Liverpool ɗin ta farke mana ci uku, shi kansa kuma mai tsaron gidanta Dudek ya tare masa fenareti. Babu yadda za a yi shekara huɗu a Turin, garin Juventus, su rinjayi wannan.

Game da sallamarsa kuwa, a riƙa yi wa Allegri, kocin Milan na lokacin, adalci. Ya fi son mai ƙarfi da tare hanya a gaban 'yan baya, irin Ambrosini da Van Bommel, kuma da wannan tsari ya ci gasar 2011 alhali Pirlo yana yawan jinya. Hukumar ƙungiyar kuma kwantiragin shekara ɗaya take ba waɗanda suka haura talatin, Juventus ta zo da na shekara uku. Abin da ban yafe ba shi ne a bar shi ya tafi wajen abokiyar hamayya a cikin gida, kuma a kyauta. Ko a haka ma, da alƙalin wasa ya ga ƙwallon Sulley Muntari da ta tsallake layi a wasanmu da Juventus a Fabrairun 2012, da wataƙila yau ba wannan hirar muke yi ba.

Hajiyar Kongo ta amsa:

Ɗan'uwa na Sabon Gari, ƙwallon Muntari ta shiga, babu mai musu, amma maki huɗu Juventus ta ba ku a ƙarshen kaka, kuma ba a doke ta ko sau ɗaya ba a wasanni 38. Ku tuna cewa ƙungiyar da Pirlo ya tarar ta ƙare a matsayi na bakwai shekara biyu a jere. Da zuwansa tare da koci Antonio Conte sai ga kofi, shi ne kuma ya fi kowa ba da ƙwallon da aka ci a gasar, guda 13. Conte ya gane abin da Ancelotti ya gane tun farko, cewa mutumin nan ba ya gudu kuma ba ya ƙwace ƙwallo da yawa, don haka sai a kewaye shi da masu huhu, ya sa masa Vidal da Marchisio, daga baya Pogba ya zo. Kofin Serie A huɗu ya ɗauka a jere, daga 2012 zuwa 2015. Abin dariyar ma shi ne, na huɗun a ƙarƙashin Allegri ya ɗauke shi, wato mutumin da aka ce ba shi da wurin ajiye shi a Milan.

Na yarda cewa Kofin Zakarun Turai bai zo ba, domin Barcelona ta doke mu 3 da 1 a Berlin a 2015, kuma da hawaye ya bar filin, wasansa na ƙarshe ke nan a Juventus. Sai dai a Milan ɗaya ne cikin taurari da yawa, a Juventus kuwa a kansa aka gina gidan.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya da Hajiya. Zan kai wa yayana wannan bayani yau da daddare, ko da yake na san zai riƙe na Hajiya ya yi watsi da sauran. Saura abu ɗaya: shekarun da ya yi a New York City ta Amurka tare da Lampard da David Villa, daga 2015 har ya ajiye takalma a 2017, akwai wanda ya bi wasanninsa a can? A gidan kallonmu ba a taɓa kama mana gasar ba.