Don Allah a taimake ni da wanga reported speech, NECO ta matso

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya raina a ɓace yake. Wanga ne karo na biyu da zan zauna jarrabawar NECO ta gama sakandare, Turanci kaɗai ya riƙe ni, Baba ya ce in ban ci ba bana sai dai in koma shago. Kullum daga Mabera nika hawa keke zuwa lesin, kuɗin keke daban na malam daban, ga rana, har wayata babba na sai da na biya rajista. To jiya anka ba mu aikin reported speech, wato ba da labarin abin da wani ya faɗa, na bi ƙa'idar da malamin ya koya muna da bakinshi, ya kwashe ni da jan biro gaban kowa. Mi na yi?

Ɗan Arkilla: Wace jimla ce? Ba ka faɗi ba ai.

Mai tambaya: The teacher said, "The sun rises in the east." Ni kuma na sa said that the sun rose in the east.

Tsohon malami: Ɗana, kai ke da gaskiya. Shekara 22 ina riƙe da alli. Da ka ga said, komai sai ya ja baya: is ya koma was, will ya koma would, can ya koma could, tomorrow ya zama the next day, here ya zama there, I ya koma he ko she. Mu a Hausa sai mu ce ya ce zai zo gobe, ba mu taɓa lokacin, shi ya sa yaranmu ke faɗuwa nan. Ƙa'ida guda ce, ka riƙe ta.

Anti daga Gawon Nama: Malam a gafarce ni, amma rana ta daina fitowa gabas ne? Abin da yake gaskiya kullum ana barin shi yadda yake, rises. Ita ce amsar da masu maki ke nema.

Tsohon malami: Ƙa'idodin 'yan zamani ke nan. Mu ba haka munka karanta ba.

 

Mai tambaya: Anti, ai malamin lesin bai taɓa ce muna akwai wadda ake bari ba. In da ya faɗa da na ji, ni ba na fashi.

Anti daga Gawon Nama: Ƙanena, to yanzu ka ji. Gwada wannan: She asked, "Are you coming?"

Mai tambaya: She asked that was I coming?

Tsohon malami: Ka ga ya sa was. Yaron shina da ƙoƙari.

Anti daga Gawon Nama: If I was coming, Malam. Ba that, ba alamar tambaya.

Mai tambaya: To ni yanzu wa zan bi? Gobe ma akwai lesin, kuma littahin nawa yana hannun malamin.