Hular da ta dace da mai doguwar tafiya da jaka a baya

Da masu doguwar tafiya a ƙasa suka tattauna batun kare kai daga rana, mafi yawansu sun fifita hula mai faɗin baki irin malfa, wadda bakinta ya kai santimita 7.5, domin hana-sallah tana barin kunnuwa da ƙeya a fili. Sai dai idan jakar baya ta yi tsawo, bakin hular yakan riƙa dukanta har hular ta zamo kan idanu, shi ya sa wasu suka zaɓi mai ƙyallen rufe wuya, kuma a ganina suna da gaskiya. An kuma jaddada igiyar haɓa saboda iska, da yadi mai alamar UPF 50, wanda ke tare kusan kashi 98 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata.