Wace kalma za mu ba "drainage basin"?

Jama'a, ku zo mu warware wata kalma. Ina fassara darasi kan Tafkin Victoria sai na ci karo da "drainage basin", wato duk ƙasar da in an yi ruwan sama a kanta, ƙarshensa tafkin zai nufa.

Mun saba cewa "yankin tafki". Ni dai ba ta ishe ni ba. Da ka ce yanki, hankali zai tafi ga ƙasashen da ke bakin ruwan: Tanzaniya, Yuganda da Kenya. To ina ka baro Ruwanda da Burundi? Ko taku ɗaya ba su da shi a gaɓar tafkin, amma daga tsaunukansu Kogin Kagera ke kwaso ruwa, kuma duk kogunan da ke zuba a Victoria babu kamarsa.

Wani ya ce mu fassara kai tsaye, "daron tafki". Haba malam, wanki za mu yi?

"Magudana" kwata take kawowa a rai. "Matattara" kuma ai tafkin ne da kansa, nan ruwan ke taruwa. "Mashayar tafki" ta so ta burge ni, don kamar tafkin ne ke sha daga ƙasar. Sai dai mashaya wurin da ake zuwa a sha ne, ba a maganar ɗaya ma'anar da kowa ya sani.

Na tsaya kan "magangarar tafki". Gangara ita ce aikin da ruwan ke yi, kalmar kuma ba baƙuwa ba ce a kunne. Ku gwada ta a jimla: "Magangarar Victoria ta shiga ƙasashe 5, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan tafkin sama ce ke zuba shi kai tsaye a kan faɗinsa, mai murabba'in kilomita wajen 68,000." Ta zauna daram.

Ta ma jawo ƙanwarta. Tudun da ya raba magangara biyu sai mu ce "marabar ruwa". Akwai irinsa a yammacin Ruwanda: ɗigon da ya faɗa gabas zai bi ta Victoria, ya fita ta garin Jinja na Yuganda cikin Kogin Nilu har Bahar Rum, na yamma kuwa Kogin Kongo zai kai shi Tekun Atlantika.

Saura jam'i. Magangarai nake rubutawa. Malaman nahawu, ya yi ko da gyara?