Wa ya san hanyar Mongoliya daga Yamai?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni makiyayi ne a Tawa, raƙuman nan masu tozo 2 na hamadar Gobi sun hana ni sukuni. Ta ina ake bi, kuma wane wata ya fi?

Hajiyar Yantala:
Jirgi daga Yamai zuwa Istambul, daga nan sai Ulanbatar, babban birnin Mongoliya. Ka je a watan Yuli, lokacin bikin Nadam: kokawa, sukuwa da harbin baka. Kamar taron Ingal, amma doki ne sarki.

Malam Direba:
Kada ka kuskura ka je a Janairu, ƙanena, sanyi na kai digiri 30 ƙasa da sifili. In an saukar da kai a tantin mutanen can, nonon goɗiya mai tsami za a miƙo maka, kuma yana ɗan bugarwa. Ka nemi shayi.

Ɗan Adar:
Nonon goɗiya kuma? To, shayin dai.