Wanda aka yi wa duka a Tahoua, ina zai fara?

Ɗan Ader: Jama'a, wanda aka yi wa rauni, komisariya (ofishin ƴan sanda) zai fara zuwa ko asibiti?

Hajiya Mai Goro: In jini na zuba, asibiti tukuna, ɗana. Ya karɓi takardar likita mai nuna raunin da kwanakin da ba zai iya aiki ba. Ya ɗauki hoto kafin kumburi ya saɓe.

Malam Na Kasuwa: Gaskiya ne, Hajiya. Cikin gari ƴan sanda, lamba 17. Ƙauye kuwa jandarma. Kada ya sa hannu a bayani sai an karanta masa da Hausa, nan ake yawan kuskure. Wanda aka kama, tsarewa awa 48 ce, sai in mai gabatar da ƙara ya ƙara lokacin.