Dokina yana rugawa kan shinge, ya zan gyara masa taku?

Mai_Danda:
Salam 'yan uwa. Ina da wani danda ɗan shekara 8, da can folo ya yi a Kaduna, yanzu wata biyar ke nan ina koya masa tsallaken shinge. Tsallen ba laifi wallahi, santimita 80 yake hayewa, amma da ya hango shingen sai ya ɗaga kai ya fizge linzami ya kwasa da gudu, wani lokaci ya tashi tun daga nesa wani lokaci kuma sai ya shige gindin shingen ya kaɗo sandar da ƙafar gaba. In na ja shi sai abin ya ƙaru. Don Allah masu sani a taimaka.

Tsohon_Zagi:
Wa alaikumussalam ɗana. Ka sauke shingen nan tukuna, kamar sati uku kar ya tsallake komai. Dokin folo an saba masa da fizga da burki, bai san tafiya ɗaya mai tsari ba, ita za ka koya masa. Ajiye sanduna biyu a ƙasa, mita 20 tsakani, ka bi ta kansu da ƙaramar sukuwa kana ƙirga takunsa da baki. In biyar ya yi to gobe ka nemi shida, ka zauna daram a sirdi, ka ɗan matse linzami ka saki nan take, ƙafarka na jikinsa kar tafiyar ta mutu maka. Sakin nan shi ne karatun, ba jan ba. Ranar da kake samun biyar ko shida yadda ka ga dama, ko ta dama kake zagayawa ko ta hagu, sannan ka maida ƙaramin shinge.

Bn_Sirdi:
Gaskiya ne Baba. Ƙari kawai, ka duba yadda kake jera shingayen ma, takun sukuwa na babban doki wajen mita 3.6 ake lissafawa, ana ƙara wajen 1.8 na sauka da 1.8 na tashi, shi ya sa taku biyar tsakanin shinge biyu yake kamawa kusan mita 22. Amma dawakinmu na nan ba su kai na Turai tsawo ba, in ka auna masa na Turai dole ya ruga don ya cike, ka rage masa kaɗan.

Tsohon_Zagi:
Af, wane linzami ne a bakinsa? In irin namu na hawan sallah ne mai zobe cire shi, zafi yake gudu. Sa mai gaɓa a tsakiya, kuma likitan dabbobi ya duba masa haƙora da gadon baya.

Mai_Danda:
Na folo ne Baba, mai ƙarfi ne kam, kuma mita 22 cif nake aunawa. Gobe da asuba zan canza linzamin in fara da sandunan ƙasa. Allah ya saka da alheri.