Batir na hannu a motar kwana: masu aikin su faɗa mana

Mai Sprinter, Aboabo: Assalamu alaikum. Ana so fanka, fitila, cajin waya da ƙaramin firji su kwana suna aiki cikin mota a hanyar Tamale ba tare da an taɓa batirin tayarwa ba. Batiran da ake gyarawa a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, suna da araha. Za su ɗauka?

Mai gyaran batir, Suame: Wa alaikumussalam Alhaji. Gyaran iri biyu ne. Na gaskiya shi ne a cika kowane ɗakin batirin da ruwan batir, wato tataccen ruwa marar ma'adinai, a yi caji a hankali, sannan a ɗaga zuwa wajen 15.5V na ɗan lokaci don farin gishirin da ya kama farantai ya saki. Na yaudara kuwa a zubar da ruwan, a ɗura asid mai ƙarfi, a goge kawuna su yi ƙyalli. Mita zai nuna 12.7V, ciki kuma fanko.

Don haka kada mita kaɗai ya sa ka biya. A cika shi da caji, ya kwana ba a jona komai ba, da safe ya nuna 12.6V ko sama. Sai ka rataya ƙwan fitilar gaba mai 55W, yana jan kusan amfiya 4.5, ka ƙirga awa nawa kafin ya sauka 10.5V. Mai tambarin 100Ah (Ah, wato amfiya sau awa) da ya yi awa 12 kawai, 54Ah gare shi, kuɗin 54 za ka biya. Nan take a mayar da shi caji. In akwai ma'aunin ruwan batir, ɗakuna shida su tsaya kusa da 1.265; wanda ya bambanta da 0.050 ya mutu, ba ya tashi.

Mai sola, Asawase: Masta ya faɗi daidai, amma ni batirin tayar da mota ma ban yarda da shi a wannan aikin ba. Farantansa sirara ne, an yi su don bugu ɗaya mai ƙarfi, in ana zuƙe su kowane dare sai su zube ƙasan kwano. A nemi mai jure zuƙa, irin AGM, wato rufaffen batir da ba a zuba masa ruwa, da ake cirewa daga turakun sadarwa ko UPS, na'urar riƙe wuta in an ɗauke. Shi ba a buɗe shi, ba a kai shi 15.5V, cajinsa ya tsaya wajen 14.4V. In gefensa ya kumbura, wuce. A karɓi rasit kuma, domin ana satar irinsu.

Lissafi: fanka amfiya 2 awa 8, 16Ah ke nan. Fitila da waya, sa 10. Firji a zafin nan yakan ci 30 zuwa 40 a yini. Jimla wajen 60Ah, kuma batirin darma ba a cin fiye da rabinsa, wato a tsaya a 12.2V. Ana buƙatar 120Ah na gwaji, ba na tambari ba.

Mai wayarin, Suame: Rile tsakanin batirin tayarwa da na ƙarin dole ne, wanda ke haɗawa in inji ya tashi, ya raba in an kashe. Waya 16mm² in tsawon bai wuce mita 5 ba, da fis a ƙarshen biyu, kowanne cikin tazarar taƙi ɗaya daga kan batir. Fis ɗaya ba ya isa, wuta na zuwa ta ko'ina. Sababbin Sprinter altanetarsu na rage wuta da kanta, rile ba ya cika batir, sai cajar DC-DC, mai caji daga batir zuwa batir. Kada a jera tsohon batir da wani tsoho daban, mai rauni shanye mai ƙarfi yake yi.

Direban Bolga: A ɗaure batirin ƙarin da ƙarfe a akwati nesa da inji, zafi da jijjiga ke kashe shi. Mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, a ja masa tiyo zuwa waje, kada ya zauna ƙarƙashin katifa a rufe.

Mai Sprinter: Na gode. In ruwa ya ragu a hanya, na leda zai yi?

Mai gyaran batir: A'a Alhaji, akwai ma'adinai a ciki. Riƙe kwalbar ruwan batir a mota, ka zuba har ya rufe farantai da kamar santimita ɗaya, asid kuma kada a ƙara.